Yadda ake sauya matatar kanista a tankin kifin ado ba tare da an yi asarar kifi ba

Tambayar yadda ake sauya matatar kanista ba tare da kifi sun mutu ba ta ƙi ƙarewa, kuma masu yin ta iri uku ne. Akwai wanda tsohuwar kanistarsa ta fara yoyo ko gurnani cikin dare. Akwai wanda ya gaji da 'yar ƙaramar matatar da ake mannawa a cikin tanki, yana son ya koma babba, wato kanista, wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur ana haɗa ta da tiyo biyu. Na ukun shi ne mai ban tausayi: ya riga ya yi sauyin, ya wanke komai fes, bayan kwana huɗu ya tashi da safe ya tarar da kifinsa sun juya ciki sama.

Kafin ka taɓa komai, riƙe wannan. Sabuwar kanistar da ka ciro daga kwali bokiti ce kawai mai inji a ka. Dattin da ido ke gani kaɗai take iya tarewa. Ainihin matatar tana jikin tsohon soson nan mai launin ƙasa da kake ƙyamar taɓawa, domin a nan ne ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke zaune, suna cinye amoniyar da kifi ke fitarwa, su mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Sabon soso yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin waɗannan ƙwayoyi su cika shi. Saboda haka aikin da ke gabanka ƙaura ce: za ka kwashe su daga tsohon gida zuwa sabo da ransu. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka jera su.

1. Tabbatar tsohuwar ta mutu da gaske

Kanistoci da yawa ana jefar da su ne da sauran ransu. Idan ruwa na tsatsafowa daga mahaɗar kai da gangar jiki, kusan kullum zoben robar nan ne ya bushe ko ya saki, kuma ana sayar da shi shi kaɗai. Idan ƙara take yi kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, farfela ce, wato 'yar fankar da ke tura ruwa a cikin injin, ta cinye ko sandarta ta karye. Idan ruwan ne ya rage ƙarfi, cire tiyo ka ɗaga shi a rana ka leƙa ciki, sau tari za ka ga gansakuka ta toshe rabinsa.

Sauyi yana wajaba ne idan gangar ta tsage, ko injin ya ƙone, ko maƙallan murfi sun karye kuma babu irinsu a kasuwa, ko kuma kifinka sun girma sun fi ƙarfinta. Kada ka liƙe tsagaggiyar ganga da gam. Ruwan cikinta a matse yake dare da rana, liƙin zai saki ranar da ba ka gida.

2. Zaɓen girman da ya dace

Auna tankinka da santimita: tsawo sau faɗi sau zurfin ruwa, ka raba da 1000, ka samu lita. Tanki mai 120 da 45 da 50 zai ba ka lita 270. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce matata ta juya ruwan tanki gaba ɗaya sau 4 zuwa 5 a awa guda. Amma lambar da ke jikin kwali an auna ta ne da kanista babu komai a ciki, babu soso, babu dogon tiyo. Da ka cika kwandunan cikinta da kayan tacewa ka haɗa tiyo, abin da zai fito bai cika wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku na waccan lambar ba. Don haka a sayi wadda ta ɗan ɗara, musamman mai kifi masu ci da yawan kashi irin su golfish, oska, karfasa ko tarwaɗa. Rage ƙarfin babba abu ne mai sauƙi, ƙara wa ƙarama ƙarfi kuwa babu hanyarsa.

Waɗanda aka fi cin karo da su: SunSun ta ƙasar Sin, wadda HW-302 ɗinta ke da lita 1000 a awa da wat 18, HW-303B kuma lita 1400 da wat 35 har da fitilar UV mai kashe ƙwayoyin da ke yawo cikin ruwa a ciki, Eheim ta Jamus, wadda Classic 2213 ɗinta ke ba da lita 440 da wat 8 kacal, 2217 kuma lita 1000 da wat 20, sai Fluval mai jerin 107, 207, 307 da 407. Kuɗin Eheim ko Fluval yakan ninka na SunSun mai girma ɗaya, kuma duka farashinsu dala yake bi, yau daban gobe daban. A ganina abin tambaya kafin suna shi ne: akwai farfelarta da zoben robarta a wurin mai sayarwa? Idan akwai, sayi kowanne guda ɗaya na ajiya a ranar, kada ka jira sai buƙata ta taso.

Kuɗin wuta kuwa lissafinsa a buɗe yake. Wat 18 dare da rana yunit 13 ne a wata, wat 35 kuma yunit 25. Ninka da farashin yunit ɗin layinku.

Gargaɗi ga mai aiko da kaya daga waje: wadda aka yi wa kasuwar Amurka wutar 110 zuwa 120 take sha, da ka cusa ta a soket ɗinmu na 220 zuwa 240 ta ƙone nan take. Ta Ingila ko ta Turai ita ce daidai da wutarmu. Mai sayen tokumbo kuma kada ya biya sai an cika ta da ruwa an kunna a gabansa na aƙalla minti 20, ya shafa hannu a duk mahaɗa, ya kuma buɗe gidan farfela ya ga sandar da idonsa.

Wani abin da ake mantawa: auna cikin kabad ɗin da za ta zauna. Bayan tsayin kanistar, bar kamar taƙi guda a sama domin lanƙwasar tiyo. Na san wanda sai da ya kira kafinta ya cire katako.

3. Tara kayan aiki tun kafin ranar

Bokiti biyu waɗanda ba su taɓa ganin omo ko sabulu ba. Baho mai faɗi wanda kanistar za ta zauna a ciki. Tsofaffin tawul. Wuƙa mai kaifi ko reza. Man silikon na shafa wa roba. Maganin kashe kulorin. Kayan gwajin amoniya da naitirait, na ɗigo ya fi na tsinken takarda gaskiya. Ƙaramin injin iska mai batir, da kofi na ruwan zafi.

Duba kaurin tiyo ma. Yawanci iri biyu ne, 12/16 da 16/22, wato faɗin ciki da na waje a milimita. Idan sabuwa da tsohuwa ba kauri ɗaya ba ne, tsofaffin bututun ba za su yi maka aiki ba.

4. Gwajin yoyo a banɗaki

Kwana ɗaya kafin aikin, haɗa sabuwar kanista babu komai a cikinta, ɗora bokitin ruwa a kan kujera a banɗaki ko tsakar gida, ajiye kanistar a ƙasa, sa bakin tiyo biyun a bokitin, ka bar ta ta yi aiki awa ɗaya. Idan da matsalar ƙira, gara ta nuna kanta a kan siminti da ta nuna a kan kafet ɗin falo. A wannan gwajin ne kuma za ka koyi yadda maƙallanta da famfunanta suke buɗewa, ba lokacin da ƙwayoyinka ke jira a bokiti ba.

A wannan rana kada ka ba kifi abinci, ko ka ba su rabin abin da suka saba. Sannan ka zaɓi lokacin aikin da kake da tabbacin wuta na awanni a jere, ko ta sola ko ta janareta. Fara wannan aiki da magariba da fatan ba za a ɗauke wuta ba, ganganci ne.

5. Hanya biyu, ka ɗauki ɗaya

Idan tsohuwar matata tana aiki har yanzu, hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ka haɗa sabuwar kusa da ita, su yi aiki tare mako 4 zuwa 6, sannan ka cire tsohuwar. Wanda ke tashi daga ƙaramar matatar cikin tanki zuwa kanista, wannan ce hanyarsa. Zai iya tsallake mataki na 6.

Idan kuwa ta mutu, ko babu wurin ajiye biyu, sai ƙaura a rana ɗaya. Agogo yana da muhimmanci a nan: daga kashe tsohuwa zuwa kunna sabuwa, yi ƙoƙari kada ya wuce awa ɗaya.

Gargaɗi: idan tsohuwar ta kwana ɗaya ko biyu a mace, a rufe da ruwa a ciki, buɗe ka shinshina. Warin ƙasa mai laima alama ce ta lafiya. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa yana nufin iska ta ƙare a ciki, abin ya lalace. Kada digo ɗaya na wannan ruwa ya shiga tanki. Ka ɗauki kanka a matsayin mai farawa daga farko, ko ka roƙi wani mai tanki lafiyayye ya ba ka guntun tsohon sosonsa.

6. Cire tsohuwa

Jerin nan kada a sauya shi. Fara ɗebo ruwan tanki rabi-rabi a bokiti biyu. Cire fulogin matata daga soket, da na hita idan kana da ita, domin hita da ruwa ya janye ya bari tana iya fashewa. Rufe famfunan tiyo duka biyu. Shimfiɗa tawul. Sai ka zare mahaɗar tiyo daga kan kanista, ka ɗauke ta a cikin baho zuwa inda za ka buɗe. Ka riƙe ta ta gindi, ba ta maƙallan murfi ba, cikakkiyar kanista ta fi yadda kake zato nauyi.

Buɗe murfi, ciro kwanduna. Tsofaffin soso ka matse su sau biyu ko uku a bokiti na farko, iya abin da zai fitar da kaurin laka. Zobban tangaran kuma, wato 'yan zobban da ƙwayoyin ke zama a ƙofofinsu, girgiza su kawai za ka yi a cikin ruwan. Daga nan a mayar da komai bokiti na biyu, ruwa ya rufe su, a jefa dutsen injin iska, wanda ke fitar da kumfa, a ciki, a ajiye a inuwa.

Nan ne mafi yawan mutane ke yin gyaran gangar Auzinawa. Hannu yana ƙaiƙayin kai soson nan bakin famfo a wanke shi har ya koma fari. Ruwan famfon gari yana ɗauke da kulorin, wanda aka zuba musamman don ya kashe ƙwayoyi, kuma ba ya bambance masu amfani da masu cutarwa. Ruwan zafi, sabulu, shanya a rana, duk hukuncinsu ɗaya. Soso ya fito daga hannunka da launin ƙasarsa.

Tsofaffin tiyo a jikin tanki har yanzu cike suke da ruwa. Ɗaga bututun shan ruwa sama da fuskar ruwa tukuna, sannan ka buɗe famfo a cikin bokiti ya zube. Idan ka buɗe bakin yana nutse, tankin zai bi tiyo ya sauko ƙasa.

7. Jera kwanduna

Duba takardar da ta zo da ita ka gane ta ina ruwa ke fara bi. A yawancin kanistoci ruwa yana sauka gindi ne sannan ya hau sama ta cikin kwanduna, don haka kwandon ƙasa shi ne na farko. A jerin Fluval 07 kuwa akwai sosuna a tsaye a gefe waɗanda ruwa ke ratsawa kafin ya shiga kwanduna. Ko wacce iri ce, tsarin ɗaya ne: soso mai manyan ƙofofi a farko ya tare manyan datti, mai ƙananan ƙofofi ya biyo, sannan zobban tangaran su samu ruwan da aka riga aka tace. Idan ka juya tsarin, laka za ta toshe ƙofofin tangaran cikin 'yan makonni. Farar audugar roba mai laushi, wasu suna sa ta kafin tangaran, wasu a can sama. Ni a sama nake sa ta don ita ce ake yawan sauyawa, amma shimfiɗa ɗaya siririya, ba a danna ta kamar ana cusa matashi ba.

Sababbin kaya a ɗauraye su sosai, ƙurar tangaran da ta gawayi tana da yawa. Waɗannan babu laifi a wanke su da ruwan famfo tunda babu rai a jikinsu, a ƙarasa da ruwan tanki. Kuma a cire su daga leda. Abin dariya ne, amma an sha buɗe kanista bayan wata uku a tarar da zobba da gawayi a ƙulle cikin ledar kamfani, ruwa bai taɓa su ba. Ragar zare ita ake bari, leda kuwa a yage.

Yanzu tsofaffin kaya. Zuba tsofaffin zobba duka, ka cike gurbin da sababbi a gauraye. Tsohon soso idan bai yi daidai da sabon kwando ba, yanka shi da almakashi, ko gunduwa-gunduwa ne, ka jera. Siffa ba ta dami ƙwayoyin ba. Idan wuri ya yi kaɗan, sabon kaya ne zai jira a kabad, ba tsoho ba.

Gawayin matata ba dole ba ne. Yana cire launi da wari da ragowar magani, amma ƙarfinsa yana ƙarewa cikin kamar wata guda, kuma idan kana yi wa kifi magani shanye shi zai yi. Gawayin girki ba madadinsa ba ne. Haka soson katifa da soson wanke-wanke mai ƙamshi ko mai maganin ƙwayoyi, kada su shiga kanistarka.

Wajen mayar da kwanduna, ramin bututun da ke gefen kowanne ya hau kan na ƙasansa daidai, hannayensu kuma su kwanta. Kwando ɗaya ya karkace, murfi ba zai zauna ba.

8. Zoben roba da rufe murfi

Ciro zoben, goge shi da gurbinsa, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta jawo yoyo. Shafa masa man silikon kaɗan, iya ya yi sheƙi. Man injin mota ko basilin kada su zo kusa, man da aka yi daga fetur irinsu yana kumbura wasu robobin. Ɗora murfi a miƙe, danna da tafin hannu biyu, sannan ka rufe maƙallai biyu masu fuskantar juna a lokaci ɗaya, ka koma sauran biyun. Idan maƙalli ya ƙi rufuwa, kada ka nuna masa ƙarfi. Wani abu ne bai zauna ba a ciki, buɗe ka duba. Garin neman gira ake rasa ido, kuma karyayyen maƙalli ya fi komai wuyar samu.

9. Wurin zama da tiyo

Dole kanista ta kasance ƙasa da fuskar ruwan tanki, domin ruwa da kansa yake gangarowa cikinta, injin mayarwa kawai yake yi. Amma kada tazarar ta yi yawa, daga fuskar ruwa zuwa gindin kanista ya tsaya ƙasa da mita ɗaya da rabi. Ta zauna a tsaye cikin baho, a kan guntun roba ko tawul don rage ƙara.

Gwada tsawon tiyo kafin ka yanka, ka bar ɗan rara da zai ba ka damar jawo kanistar waje. Rara mai yawa kuwa matsala ce: tiyon da ya yi lilo ƙasa ya sake hawa yana tara iska da laka, wanda ya lanƙwashe kuma yana shaƙe ruwa. Yanka a miƙe, ba a karkace ba. Tsoma bakin a ruwan zafi na daƙiƙa 30 ya yi laushi, tura shi har ƙarshen bututu, sannan ka ɗaure noti da hannu. Filaya tana fasa roba.

Karanta rubutun kan murfi sau biyu, wanne ne na shiga wanne ne na fita. Kowa yana ganin ba zai yi wannan kuskure ba.

A cikin tanki, rariyar shan ruwa ta tsaya kamar santimita 5 zuwa 8 sama da ƙasa. Mai yashi ya ƙara ɗagawa, saboda yashi idan ya shiga gidan farfela cinye ta yake yi kamar an sa mata sanfefa. Mai ƙananan kifi irin gufi ko 'ya'yansu ya sa wa rariyar hular soso. Bututun fitar ruwa kuma a saita shi yadda fuskar ruwa za ta riƙa motsi. Kanista rufaffiya ce, ba ta ƙara wa ruwa iska, motsin saman nan shi ke kawo ta. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maraɗi ke haura digiri 40, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, a lokacin har ɗaga sandar feshi, wato bututun fitar ruwa mai jerin ƙofofi, nake yi ta riƙa zubowa daga sama.

Gargaɗi: idan tiyon shiga ya zame, ruwa zai yi ta zuba har sai ya sauka daidai bakin rariya, wato kusan tankin gaba ɗaya. Wasu suna huda ɗan ƙaramin rami a jikin bututun, yatsa biyu ƙasa da fuskar ruwa, don zuƙar ta katse da wuri. Dabara ce mai kyau, amma tana son mai kula da cike ruwa, musamman da hunturu lokacin da iska ke shanye ruwa da sauri. Ruwa ya sauka ƙasa da ramin, kanista za ta fara shan iska.

10. Jawo ruwa da kunnawa

Kada ka sa fulogi tukuna. Ɗaga bakin fitar ruwa sama da fuskar ruwa don iska ta samu hanya. Buɗe famfuna biyu gaba ɗaya. Danna maɓallin jan ruwa da ƙarfi sau da yawa har ka ga ruwa ya tsallako bakin tanki ya kama gangara. Daga nan cire hannunka. Za ka ji ƙugi a ciki, kanista tana cika tana tura iska waje, minti 2 zuwa 5. Sai ƙugin ya tsaya, ruwa ya hau tiyon fita ya daidaita da na tanki, sannan a kunna.

Eheim Classic ba ta da wannan maɓalli. Ana amfani da 'yar robar zuƙa a bakin tiyon fita. Idan babu, zuƙa ɗaya da baki a sabon tiyon fita ta isa, tunda kanistar babu ruwa ba abin da zai iso bakinka. Kada dai ka yi irin ta 'yan bumburutu a tiyon shiga. Mai rauni a hannu kuma ya sa safar roba, kowa ya wanke hannu bayan aiki.

Da farko za ta yi ƙara tana tofar da kumfa. Karkata ta a hankali dama da hagu, ragowar iska ta fita. Idan bayan minti ɗaya babu ruwan da ke fitowa, kashe. Ruwa ne man farfela kuma shi ke sanyaya ta, juyawa a bushe yana lalata ta cikin ƙanƙanin lokaci. Bar ta minti biyu, sake danna maɓalli, sake gwadawa.

Wayar wuta ta sauka ƙasa da soket sannan ta hau, yadda ɗigon da ya bi waya zai faɗi ƙasa maimakon ya shiga soket. Kada a bar ekstenshan a ƙasan kabad kusa da baho, a rataye shi sama. Mai fitilar UV ya bar ta a kashe makon farko, kada ya kunna ta babu ruwa, kuma kada ya kalli ƙwan yana ci.

Kanistar ta shanye lita da yawa daga tanki, sai a cike. Ruwan famfo da na 'yan garuwa a sa musu maganin kulorin kafin zubawa. Seachem Prime misali mililita 5 ne ga lita 200. Ruwan burtsatse yawanci babu kulorin, amma iskarsa kaɗan ce, a bar shi ya kwana a buɗe. Ruwa ya koma daidai, sai a mayar da fulogin hita.

Goge baho ya bushe, shimfiɗa takarda a ciki, naɗa tishu a kowace mahaɗa. Duba bayan minti 15, bayan awa ɗaya, kafin barci, da kuma da safe.

11. Mako biyu na farko

Ko ƙaurar ta yi kyau, an yi asarar wasu ƙwayoyin a hanya. Rage abinci zuwa rabi na mako guda. Kada a ƙara sabon kifi, kada a wanke tsakuwar ƙasa, ita ma tana ɗauke da nata rabon ƙwayoyin. Gwada ruwa kullum a makon farko, sannan bayan kwana bibbiyu. Amoniya da naitirait sifili ake so. Ɗayansu ya kai 0.5 a ma'aunin kayan gwaji, sauya kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan a ranar, a kuma tsallake abinci. Kifi suna taruwa a sama suna haki, ko sun maƙale fuka-fukai sun laɓe, kada ka jira gwaji, sauya ruwa. Ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara a kwanakin farko kuwa, yakan washe da kansa, kada ya sa ka buɗe kanista.

12. Idan an ɗauke wuta

Takardar da ke cikin kwali ba ta san da wannan ba, amma a wajenmu shi ne babban makashin kifi. Ƙwayoyin cikin kanista iska suke shaƙa daga ruwan da ke ratsa su. Ruwa ya tsaya, suna rufe a duhu, iskar tana ƙarewa cikin 'yan awanni. Na koyi wannan da tsada. Na yi tafiyar kwana biyu, wuta ta tafi a bayana, ta dawo da tsakar dare, kanista ta tashi da kanta ta juye baƙin ruwa mai wari cikin tanki. Abin da na tarar ba sai na faɗa ba.

Abin da nake yi tun daga nan: awa ɗaya ko biyu, ba na taɓa komai. Ya kai awa huɗu babu alamar dawowa, sai in cire fulogi don kada ta tashi ba da sanina ba, in rufe famfuna, in buɗe murfi, in kwashe zobba da soso cikin raga in jefa su cikin tanki kusa da dutsen injin iska mai batir. Wuta ta dawo, in zubar da ruwan da ya kwanta a gangar, in mayar da kaya, in jawo sabon ruwa. Idan ba na nan, mutanen gida sun san abu ɗaya: a cire wancan fulogin, kada a mayar sai na zo.

Mai inbata ya ɗora kanista a kanta kafin talabijin. Wat 18 ba komai ba ne, batir mai 100Ah zai riƙe ta fiye da yini ko da rabinsa kawai aka ci. Sai dai a nemi inbata mai tsaftatacciyar wuta, ƙananan masu araha sukan sa injin gurnani da zafi, wani lokaci ma farfela ta ƙi tashi. Na'urar kariya irin ta firji tana da amfani saboda wutar da ke dawowa da ƙarfi. Kuma duk lokacin da aka sauya daga wutar layi zuwa janareta, leƙa ka ga ruwa na fita da idonka. Farfela mai datti takan maƙale, injin yana ɗumi amma ba ya juyawa. Sannan ko don wannan matsala kaɗai, ajiye 'yar matatar soso mai aiki da iska a kusurwar tanki, ta zama rumbun ƙwayoyi na biyu.

13. Wankin farko

Bar ta aƙalla mako 6 kafin ka buɗe, sai dai idan ƙarfin ruwa ya ragu a fili. Bayan haka ƙarfin ruwan ne zai riƙa gaya maka lokaci, ga mai golfish da oska wataƙila duk wata, ga mai ƙananan kifi wata biyu ko uku. Da hunturu audugar sama takan toshe da wuri idan tankin ba shi da murfi. Wanki irin na mataki na 6 ne, da ruwan tanki. Farar auduga a jefar a sa sabuwa. Guntayen tsohon soson da ka cusa, cire su kashi-kashi, rabi a wankin farko, sauran a na biyu, kana maye gurbinsu da sababbin da ka ajiye.

Duk wata uku a zura dogon burushi mai waya cikin tiyo, a kuma ciro farfela a goge ta da gurbinta da tsohon burushin haƙori. Sandarta a yawancin kanistoci ta tangaran ce, a zare ta a miƙe, lanƙwasa kaɗan take karyewa, kuma a kula da 'yan robobin da ke bakinta biyu, su ne ke faɗawa magudanar ruwa. A sake shafa wa zobe man silikon kafin a rufe.

Tsohuwar kanista kuma kada ka ba 'yan gwangwan ita ɗungurum. Cire famfunanta, da bututun, da robobin mannawa, da farfela idan tana da rai, ka zuba a leda ka rubuta lambar samfurin a jiki. Gangar idan ba ta tsage ba, ta zama bokitin wankin soso.